Rabi daga Uba, Rabi daga Uwa: Abin da Ke Faruwa a Ciki Kafin Ranar Barka

Ranar da aka je barka, tun kafin a miƙo jariri an fara rabon sa. Wannan ta ce hancin na ubansa ne sak, waccan ta ce goshin na kakansa ne na wajen uba, wata ta kama 'yan yatsunsa ta ce ai jini ba ya ƙarya. Idan yaro ya zo lafiyayye, dangin uba ne ke da shi. Amma bari a ce 'ya mace ce ta huɗu a jere, ko ciki ya zube sau biyu, ko yaro ya kai wata shida hannuwansa da ƙafafunsa suka fara kumbura yana tsala kuka dare da rana, nan take sai magana ta koma ɗakin uwa. "Ita dai mata take haifa." "Mahaifarta ba ta riƙe ciki." "A danginsu aka kwaso wannan ciwo." Na sha jin waɗannan kalmomi, kuma na ga matan da aka yi wa kishiya ko aka miƙa musu takarda a kansu. Shi ya sa nake so mu bi tafiyar ɗan Adam tun daga shigar ciki har zuwa naƙuda, mu ga wa ya ba da me, kuma a wane lokaci.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kuma a tsakiyar kusan kowace ɗaya akwai wasu zaruruwa a nannaɗe guda 46 da ake kira kuromosom. A jikinsu ƙwayoyin gado suke jere, wato umarnin da ke faɗin launin fata, da rukunin jini, da yadda za a ƙera kowace gaɓa. An daɗe masana na ƙidaya su 48, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan, a birnin Lund na ƙasar Suwidin, suka tabbatar da cewa 46 ne. Bibbiyu suke, wato tagwaye 23. Ƙwan mace da ƙwayar maniyyin namiji su ne suka saɓa wa wannan lissafi: kowannensu 23 kacal yake ɗauke da su. Idan suka haɗu sai a koma 46. Rabi daga uba, rabi daga uwa, babu wanda ya fi wani ko da zare ɗaya.

Daga kowane tagwaye guda ɗaya ake zaɓa a sa a cikin ƙwai ko maniyyi, kuma zaɓin ba ya bin tsari. Idan aka lissafa, mutum ɗaya zai iya fitar da haɗi daban-daban fiye da miliyan 8, tun ma kafin a sa musanyar gutsattsari da zaruruwan ke yi a tsakaninsu. Dalilin da ya sa ke nan za ka ga 'ya'ya goma uwa ɗaya uba ɗaya, wani dogo wani gajere, wani fari wani wankan tarwaɗa, kuma babu wanda ya shigo daga waje. Zargin da akan yi wa mace don ɗanta bai yi kama da ubansa ba, sau da yawa rashin sanin wannan lissafi ne.

In ma za a auna da kyau, uwa ce ke da ƙari. A cikin ƙwai akwai wasu 'yan ƙananan gidajen samar da kuzari masu ɗauke da ƙwayoyin gado nasu na kansu, kuma daga uwa kaɗai ake gadon su. Sannan akwai abin da duk lokacin da na tuna shi sai na yi tasbihi: 'ya mace da dukkan ƙwayayen da za ta yi amfani da su a rayuwarta ake haifarta, wajen miliyan ɗaya zuwa biyu, kuma tun tana cikin mahaifiyarta aka samar da su. Ma'ana, ƙwan da ya zama kai, a cikin kakarka ta wajen uwa aka fara ƙera shi. Namiji kuwa tun daga balaga yake ta ƙera sabon maniyyi, kowane rukuni yana ɗaukar kimanin wata biyu da rabi kafin ya nuna.

Maganar haihuwar mata ita ce ta fi sauƙin warwarewa. Tagwaye na 23 su ne ke raba jinsi. Mace X biyu take da su, namiji kuwa X ɗaya da Y ɗaya. Saboda haka kowane ƙwai da mace za ta saki X ne a cikinsa, ba ta da wani abin da za ta bayar. Maniyyi ne ya rabu gida biyu, rabi mai X, rabi mai Y. Wanda ya riga shiga ƙwai shi ya yanke magana: mai X a sami mace, mai Y a sami namiji. Wata masaniya Ba'amurkiya, Nettie Stevens, ita ta gano wannan tun 1905 a jikin wani ƙwaro, kuma a 1990 aka gano ainihin ƙwayar gadon da ke kan Y wadda ke juya tayi zuwa namiji a wajen mako na bakwai. Kafin wannan lokaci tayin mace da na namiji siffa ɗaya suke. Ba ina nufin a ɗauke laifi daga kan mata a ɗora wa maza ba ne. Shi ma mijin ba shi da iko a kan wanne ne zai yi nasara daga cikin miliyoyin da ya zuba. Babu laifin da za a raba tun farko. Alƙur'ani ya faɗa a Suratus Shura, aya ta 49 da 50, cewa Allah ne ke ba wanda ya so mata, ya ba wanda ya so maza, ko ya haɗa masa, ko ya bar shi babu haihuwa. Mun san ayar, muna karanta ta, amma har yanzu a gidaje da yawa matar ce ke sunkuyar da kai ranar da ungozoma ta ce mace ce.

Haɗuwar kanta ba a cikin mahaifa take faruwa ba, a bututun da ya taso daga ma'ajiyar ƙwai ne. Ƙwai ba ya wuce yini ɗaya a raye bayan an sake shi, maniyyi kuwa yana iya jira har kwana biyar. Da sun haɗu sai ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, tana gangarowa tana rabuwa, har bayan kimanin mako ɗaya ta isa mahaifa ta maƙale a bangonta. Idan a waɗannan kwanaki dunƙulen ya tsage biyu, sai a sami Hassan da Husaini masu kama ɗaya. Idan kuwa ƙwai biyu aka saki kowanne ya sami nasa maniyyin, tagwayen ba su fi sauran 'yan'uwa kama da juna ba, har ɗaya kan zo namiji ɗaya mace. Ma'aikatan asibiti daga ranar farko ta al'adar ƙarshe suke fara ƙidaya, shi ya sa suke cewa mako 40 ko kwana 280, alhali ainihin zaman tayi mako 38 ne.

Makonni takwas na farko su ne na fi so mai karatu ya tsaya a kansu, domin a nan ake aikin da ba a sake shi. Kimanin kwana 22 bayan haɗuwa zuciya ta fara bugawa. Zuwa kwana 28, wani ɗan bututu da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya ya gama rufewa, kamar yadda tela ke ɗinke bakin riga daga tsakiya zuwa gefe biyu. A wannan lokaci mace ba ta wuce mako biyu da ɓatan wata ba, wata ma tana ta shakka ko jinkiri ne kawai. Idan ɗinkin bai rufe ta ƙasa ba, sai a haifi yaro da ƙari a gadon baya, sau da yawa ƙafafunsa ba sa motsi. Idan ta sama ne, ƙwaƙwalwa ba za ta haɗu ba, jaririn ba ya rayuwa. Wani babban bincike da aka wallafa a Birtaniya a 1991 ya nuna cewa sinadarin folik asid yana rage maimaituwar wannan matsala ga matan da suka taɓa fuskantar ta da kusan kashi 70 cikin ɗari. Ƙwayar magani ce mai arha, irin 'yar rawayar nan da ake ba mata a wurin awo, kuma maikirogiram 400 a rana ake ba yawancin mata shawarar sha. Matsalar ita ce a wurinmu mace takan fara zuwa awo ne sai ciki ya fito, wata huɗu ko biyar, musamman mai cikin fari da kunya ke sa ta ɓoye ko ga uwar da ta haife ta. A lokacin bututun ya rufe ko ya ƙi rufewa tun watanni da suka wuce. Amfaninta ga wannan ɓangare sai an fara shanta tun kafin a sami cikin. A ganina amarya ta fi buƙatar ta a cikin kayan gyaran jiki fiye da abubuwa da yawa da ake ɗura mata.

Duniya ta koyi darajar waɗannan makonni ta hanya mai ɗaci. Daga 1957 zuwa 1961 an sayar da wani magani mai suna talidomaid a Jamus ta Yamma da wasu ƙasashe da dama, mata masu laulayi suna sha don tashin zuciya da rashin barci. Aka haifi yara fiye da dubu goma da gajerun hannuwa ko ƙafafu, wasu babu su gaba ɗaya. Da aka bi diddigi sai aka ga ɓarnar tana faruwa ne ga wadda ta sha tsakanin kwana na 20 da na 36 bayan shigar ciki, daidai lokacin da gaɓoɓin ke tsirowa. Babu gado a nan, iyayen lafiyarsu ƙalau. Wannan ne ke zuwa mini a rai idan na ga mai laulayi ta aika yaro kemis ya haɗo mata magani, ko an jiƙa mata sassaƙen da ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Zuwa ƙarshen mako na takwas tayi bai wuce santimita 3 ba, amma yatsu sun rabu, idanu da kunnuwa da koda da hanta duk an aza harsashinsu. Abin da ya rage girma ne da nuna.

Ɓari ma yawanci a wata uku na farko yake aukuwa, kuma ya fi yadda muke zato yawa: daga cikin ciki goma da aka san da su, ɗaya zuwa biyu kan zube. Kimanin rabin ɓarin farko-farko kuskuren ƙidayar kuromosom ne, wato ƙwai ko maniyyi ya zo da ƙarin zare ɗaya ko ragin ɗaya, tayin ya kasa ci gaba. Ba ɗaukar bokiti ba ne, ba daka ba ne, ba kuma hannun kishiya ba ne. Wani lokaci mai ƙarin zaren yakan rayu, kamar yaran da ke da kuromosom na 21 guda uku, masu jinkirin girma da koyo. Gaskiya ne irin wannan kuskure yana ƙaruwa da shekarun mace, musamman bayan 35, domin ƙwayayenta tsaranta ne. Haka kuma maniyyin dattijo ya fi na matashi yawan sababbin kurakurai a ƙwayoyin gado. Shekaru ba su ƙyale kowa ba.

Daga wata na huɗu tafiya takan daidaita. Tsakanin mako na 16 da na 20 uwa kan fara jin motsi. Mabiyiya ce ke aikin huhu da hanji da koda a madadin ɗa, tana tsamo iska da abinci daga jinin uwa ta miƙa ta igiyar cibiya, ba tare da jinin biyu sun gauraya ba. Sai dai a ƙasarmu ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro suna son taruwa a mabiyiyar nan, su rage abin da ke isa ga ɗa, a haife shi ɗan firit, uwa kuma jininta ya yi ƙasa. Shi ya sa ake ba masu ciki maganin kariya a wurin awo daga wata na huɗu, aƙalla sau uku, da tazarar wata guda. Huhu ne na kusan ƙarshe wajen nuna, don sai wajen mako na 34 yake samun isasshen sinadarin da ke hana shi manne wa juna, kuma wannan ne ya sa numfashi ke wahalar da bakwaini. Daga mako na 37 ake cewa ciki ya isa haihuwa.

Na ce jinin uwa da na ɗa ba sa gauraya, amma lokacin haihuwa ko ɓari kaɗan daga na ɗan yakan tsallaka. Idan uwa rukunin jininta mai alamar ragi ne, kamar O negatif, ɗan kuma ya gaji mai alamar ƙari daga ubansa, jikinta sai ya ɗauki jinin ɗan a matsayin baƙo ya tanadi makaman yaƙarsa. Ɗan fari yakan tsira. Na biyu da na uku su ne ke zuwa da shawara mai tsanani, ko su mutu a ciki. Tun 1968 ake da allurar da ke hana wannan idan an yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa. Duk lokacin da na ji an ce wance wabi take yi, 'ya'yanta ba sa zama, har a raɗa wa na baya suna Ajuji don a ga ko zai tsaya, nakan yi tunanin nawa ne daga cikin waɗannan gidaje abin da ya same su rukunin jini ne, ko kuma sikila.

Sikila ita ce babban darasin gado a ƙasar Hausa. Tun 1866 Gregor Mendel ya wallafa abin da ya gano a gonarsa ta wake, cewa akwai siffar da kan ɓuya a jikin iyaye ta bayyana a ɗaya daga cikin huɗu na 'ya'yansu. Sikila haka take. A kan kuromosom na 11 akwai ƙwayar gadon da ke ƙera sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Harafi ɗaya tak ya canza a cikinta aka sami nau'in S a maimakon A. Kowa kwafi biyu yake da shi, ɗaya na uba ɗaya na uwa. Mai AS lafiyarsa lau, yana noma yana dako, yana iya tsufa bai san yana ɗauke da komai ba. Mai SS kuwa ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ciwon ƙashi da ƙarancin jini suke tasowa. Babu yadda za a yi yaro ya zama SS sai uba ya ba da S, uwa ma ta ba da S. Duk mijin da ya ce ciwon daga dangin matarsa ne, rabin gaskiya ya faɗa, sauran rabin yana cikin jijiyarsa.

Dalilin yawanta a wurinmu kuwa sauro ne. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi masu AA tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Tsawon zamani, a inda zazzaɓi ke kwashe yara, masu AS suka riƙa tsira suna haihuwa, S ta yaɗu. A yau kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu sikila a ƙasar duk shekara. A shekarun 1970, lokacin babban binciken zazzaɓin cizon sauro da aka yi a ƙauyukan Garki, da ke Jihar Jigawa a yau, an tarar kimanin jarirai 2 cikin ɗari SS ne, amma a cikin manya da kyar ake samun ɗaya. Ba warkewa suka yi ba. Rasuwa suka yi tun suna goye, aka ce shawara ce, ko ciwon sanyi, ko iska.

Akwai kuskuren lissafi da ke jefa masoya cikin nadama. Idan AS ya auri AS, ana cewa ɗaya cikin huɗu zai zama SS, sai wasu su ɗauka idan sun tsaya a 'ya'ya uku sun tsira, ko kuma in an sami mai sikila ɗaya to uku na gaba lafiya. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabon lissafi ne, bai san abin da ya faru da na gabansa ba. Akwai gidan da 'ya'ya biyar babu mai ita ko ɗaya, akwai gidan da uku a jere duk da ita suka zo. Haɗuwar AS da AC, wato mai ɗauke da wani nau'in da ake kira C, ma tana iya ba da SC, wadda ita ma sikila ce. Auren zumunci kuma, da muke ƙauna don yana ƙara danƙon dangi, yana ƙara yiwuwar haɗuwar irin waɗannan ɓoyayyun siffofi, domin ɗan wa da 'yar ƙane suna tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu. Ban ce a daina shi ba, amma su ne suka fi kowa buƙatar gwaji.

A watan Mayun 2024 Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da gwajin sikila. Ina goyon bayanta. Damuwata lokacin da ake yin gwajin ne. Idan sai an kai lefe, an sa rana, an buga kati, sannan aka tafi ɗakin gwaji, to an ɗora wa saurayi da budurwa nauyin da ya fi ƙarfinsu, kuma a irin wannan matsi ne ake neman takardar bogi ko a ce a bar wa Allah. Nau'in jinin mutum ba ya canzawa tun daga ranar da ƙwai da maniyyi suka haɗu, saboda haka ana iya saninsa tun yana firamare, tun kafin zuciya ta kamu.

Wanda kuma aka riga aka haifa da SS, ranar barka babu alamar komai a jikinsa. A cikin mahaifa jini na musamman yake amfani da shi, wanda ya fi na manya ƙarfin jan iska daga mabiyiya, kuma wannan jini ba ya lanƙwashewa. Bayan haihuwa ne yake raguwa a hankali, na gado yana maye gurbinsa, shi ya sa kumburin hannu da ƙafa kan fara a wajen wata shida. Waɗannan watanni na farko su ne damar da ake da ita. Ɗigon jini daga diddigen jariri ya isa a gane, a fara ba shi penisilin tun yana wata biyu zuwa uku, a cika masa allurar rigakafi, a kwantar da shi cikin gidan sauro, a koya wa uwa da uba su garzaya asibiti da zarar jikinsa ya yi zafi. A ƙasashen da ake yi wa kowane jariri wannan gwaji, fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu sikila suna kai shekarun girma.